Kukun Jirgin Kogi: Yadda Mutum Ɗaya Ke Ciyar Da Ma'aikatan Kogin Misisipi

Kogin Misisipi, wanda tsawonsa ya haura kilomita 3,700, shi ne babbar hanyar safarar amfanin gona a Amurka. Yana farawa daga jihar Minesota a arewa, ya gangara har Tekun Meziko a jihar Luwiziyana, kuma ta kansa ake fitar da kimanin kashi 60 cikin 100 na hatsin da ƙasar ke sayarwa ƙasashen waje. Idan ana zancen wannan safara, kyaftin da injiniya ake yawan ambata. Amma akwai ma'aikacin da aikin kowa ya rataya a kan nasa, wato kuku.

Kayan ba a cikin jirgi mai inji ake zuba su ba. Ana loda masara da waken soya da takin zamani da kwal a cikin manyan jiragen dako marasa inji, kowanne yana ɗaukar kimanin tan 1,500. Sai a ɗaure su wuri guda da igiyoyin ƙarfe, jirgi mai inji ya riƙa tura su daga baya. A saman kogin, inda akwai madatsun ruwa masu ƙofofi tsakanin Miniyapolis da Sent Luwis, jirgi ɗaya kan tura guda 15. A ƙasan Sent Luwis, inda babu madatsa, yakan tura 30 zuwa 40. A cikin wannan jirgin turi ne mutum takwas zuwa goma sha biyu ke kwana da tashi, galibi na tsawon kwana 28, kafin su sauka hutu wasu su canje su.

Jirgin ba ya tsayawa dare da rana, don haka ma'aikata sun kasu gida biyu. Kowane rukuni yana aikin awa shida, ya huta awa shida. Ana sauyi da ƙarfe 6 na safe, da 12 na rana, da 6 na yamma, da 12 na dare. Wannan tsari shi ke juya rayuwar kuku. Dole abinci ya sauka kafin lokacin sauyi, domin masu shiga aiki su ci su fita, masu saukowa kuma su tarar da nasu da zafi. Shi ya sa kuku kan tashi tun wajen ƙarfe 4 na asuba, ya fara haɗa karin kumallo. Daga nan sai wanke-wanke, sai girkin rana wanda shi ne mafi nauyi, sai ɗan barci, sai na dare. Kafin ya kwanta kuma sai ya tanadi abin da masu aikin tsakar dare za su ɗumama. Haka zai yi kullum, babu Asabar babu Lahadi, kuma babu mataimaki.

Cefane ma yana da nasa tsari. Kuku ba ya zuwa kasuwa, kasuwar ce ke zuwa wurinsa. A garuruwan bakin ruwa irin su Memfis da Sent Luwis da Paduka akwai shagunan da sana'arsu ke nan. Kuku yana rubuta abin da yake buƙata, kyaftin ya amince, a aika tun kafin a iso. Sai ƙaramin jirgi ya taso ya jeru da babban yana cikin tafiya, a miƙa kwalaye, ma'aikata su kwashe zuwa firji da ma'ajiya. Kamfani yana ƙayyade kuɗin abincin kowane mutum a rana, saboda haka sai kuku ya iya lissafi kamar yadda ya iya girki. Wanda ya manta gishiri ko man girki, sai ya jira gari na gaba.

Wani lokaci garin na gaba yakan yi nisa. A watan Oktoba na 2022, fari ya sa ruwan kogin ya ja baya a Memfis fiye da yadda aka taɓa aunawa kafin wannan lokacin, wasu jirage suka kafe a yashi, sama da jiragen dako 2,000 suka yi cirko-cirko suna jiran a buɗe hanya. A irin wannan hali ake gane gwanin kuku, wanda ya san ya fara da ganye da 'ya'yan itace masu saurin lalacewa, ya bar na gwangwani da na firiza zuwa ƙarshe.

A jirage da dama akwai al'adar da aka gada: kifi ranar Juma'a, gasasshen naman sa ranar Asabar, soyayyar kaza ranar Lahadi. Ga mutanen da ke barci sau biyu a yini har kwanaki su rikice musu, abin da ke kan tebur shi ne kalandarsu.

Aikin yana da haɗari. Duk lokacin da ake haɗa jiragen dako ko ake shiga ƙofar madatsa, jirgi kan yi girgiza ba zato, ga tukunya a kan wuta, ga mai yana tafasa. Tsafta kuwa ba abin wasa ba ce, domin abinci ɗaya kowa ke ci. Idan ya gurɓace, ma'aikata duka ne za su kwanta, alhali asibiti yana nesa, kuma dubban tan na kaya suna gaban jirgi. Akwai kuma batun lafiya na dogon lokaci. Mai jan igiyar ƙarfe yana buƙatar abinci mai riƙe ciki, amma kyaftin da ke zaune awa shida a gaban sitiyari, kuma sai ya ci gwajin likita kafin a sabunta masa lasisi, yana buƙatar a rage masa maiƙo da sukari. Kuku ne zai daidaita su a tukunya ɗaya.

Da yawa daga masu wannan aiki mata ne, kuma sau da yawa kuku ita kaɗai ce mace a jirgin. Ɗakin girkinta shi ne zauren da kowa ke haɗuwa. Harshe da haƙori ma sukan saɓa, balle mutum goma da aka tsare wata guda a wuri ɗaya, nesa da iyali. A nan ake huce haushi, a nan ake tuna ranar haihuwar wani a gasa masa kek.

Duk da haka, ba kowane jirgi ke da kuku ba. A ƙananan jirage, kamfanoni kan bar wa ma'aikata su dafa da kansu domin rage kashe kuɗi. Abin da hakan ke nufi shi ne, mutumin da awa shida kawai yake da ita ta wanka da barci, sai ya yanki wani abu daga ciki ya ba murhu, sannan ya koma bakin aiki a kan ruwa cikin duhu. Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. A Misisipi, kuku ne ke samar da ruwan cikin, kuma da shi ake tura hatsin da ke ciyar da ƙasashe masu yawa.