Alkama, Gulutin da Nauyin Jiki: Guzurin Tafiya Tsakanin Mafara, Bakura da Maradun

Duk wanda ya bi hanyar Gusau zuwa Sakkwato da rani, idan ya iso Talata Mafara zai ga abin da ba kasafai ake gani ba a wannan yanki: gonaki kore shar alhali ko'ina ya bushe. Wannan albarkar madatsar ruwa ta Bakolori ce, wadda aka gina a kan Gulbin Sakkwato kusa da Maradun tsakanin 1974 da 1978. Wani kamfanin Italiya mai suna Impresit ne ya yi aikin. An tsara tafkin ya riƙe ruwa kimanin kubik mita miliyan 450, ya shayar da kadada dubu 23 a ƙasashen Maradun, Talata Mafara da Bakura. Aikin bai tafi salin-alin ba, domin a watan Afrilu na 1980 'yan sanda sun yi arangama da manoman da ke neman diyyar gonakinsu, aka kuma yi asarar rayuka masu yawa.

Ɗaya daga cikin manyan burorin da aka gina madatsar dominsu shi ne noman alkama. Ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Tun da daɗewa ana nomanta a fadamu da hunturu, sunanta ma daga Larabci aka aro shi. Sai dai a da abincin sarakuna ce da attajirai, da kuma ranakun biki: alkaki, funkaso, taliyar hannu. Bayan samun kuɗin man fetur a shekarun 1970 ne burodi ya mamaye birni da ƙauye. Gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta hana shigo da alkama daga waje a 1987, amma bayan 'yan shekaru aka janye hanin, kuma har yanzu mafi yawan alkamar da ake ci a Nijeriya daga ƙetare take zuwa. A yau yaron da ya karya da shayi da burodi, ya ci taliya da rana, ya kwana da tuwon semo, bai ci komai ba sai alkama tun safe har dare. Kakansa kuwa yana iya shekara bai ɗanɗana ta ba sai da salla.

Ga mafi yawan mutane babu wata illa a cikin wannan. Amma akwai 'yan ƙalilan da alkama ke cutarwa ƙwarai, akwai kuma wasu masu yawa da suka ji labarin rabi da rabi, suka ɗauka barin alkama shi ne maganin ƙiba.

Mene Ne Gulutin?

Ƙwayar alkama yawancinta sitaci ne, sai kuma furotin. Idan aka kwaɓa garinta da ruwa, wasu furotin iri biyu, wato giliyadin da gulutenin, sukan sarƙe da juna su zama wani abu mai danƙo da talewa kamar roba. Shi ne gulutin. Shi ke riƙe iskar da yis ke fitarwa har burodi ya tashi, shi ne kuma dalilin da ya sa ake iya murza taliya ta yi tsawo ba ta tsinke ba. Garin gero ko na dawa ba ya yin haka ko da an kwana ana kwaɓa shi. Ban da alkama, ana samun gulutin a sha'ir da wani hatsin ƙasashen sanyi da ake kira rai.

Malamin kimiyya na iya nuna wa ɗalibansa wannan ba tare da ɗakin gwaje-gwaje ba. A kwaɓa fulawa rabin gwangwanin madara ta yi tauri, a bar ta kamar minti 30, sannan a riƙa matsa ta a hankali a cikin kwanon ruwa ana sauya ruwan. Farin da ke fita sitaci ne. Ɗigon aidin zai mayar da shi shuɗi mai duhu. Abin da ya saura a hannu, mai kama da cingam, shi ne gulutin. A maimaita da garin dawa: duk zai narke ya bi ruwa.

Cutar Siliyak

Cikin ƙaramin hanji, wanda tsawonsa ya kai kimanin mita 6, a lulluɓe yake da wasu 'yan tsirarrun tsoka masu kama da gashin tawul, kowane bai wuce milimita 1 ba. Ta nan ne abinci ke ratsawa ya shiga jini. Ga mai cutar siliyak, garkuwar jikinsa kan ɗauki gulutin tamkar abokin gaba, sai ta far wa bangon hanjin, tsirarrun nan su lafe, cikin hanjin ya zama sumul. Daga nan sai mutum ya riƙa ci amma jiki ba ya amfana. Yaro yakan yi ta gudawa mai maiƙo da wari, ciki ya kumbura, ƙafafu da ɗuwawu su zube, girma ya tsaya. Ga babba kuwa, wani lokaci babu abin da za a gani sai ƙarancin jinin da ya ƙi jin magani, ko kasala, ko raunin ƙashi.

Wani likitan Ingila, Samuel Gee, ya siffanta cutar a 1888, ya kuma gane cewa maganinta na cikin abinci, amma bai san wane abincin ba. Wanda ya warware ƙullin shi ne Willem Dicke, likitan yara a ƙasar Holan. Ya daɗe yana zargin alkama. A hunturun 1944 zuwa 1945 aka yi matsananciyar yunwa a ƙasarsa saboda Yaƙin Duniya na Biyu, burodi ya yi wuyar samu, sai ga yaran da ke fama da cutar suna samun sauƙi; da burodi ya dawo, ciwonsu ya dawo. A 1950 ya gabatar da kundin digirinsa a kan haka.

An ƙiyasta cewa kimanin mutum 1 cikin 100 a duniya na da cutar, yawancinsu ba su sani ba. An daɗe ana ɗauka ta Turawa ce kawai, har sai da binciken da aka buga a 1999 ya sami alamunta a jinin fiye da kashi 5 cikin 100 na yaran Sahrawi da aka gwada, mutanen Yammacin Sahara da ke zaune a sansanonin gudun hijira a Aljeriya, waɗanda garin alkama ya zama babban abincinsu. Cutar tana bin gado, don haka idan an same ta ga mutum ɗaya a gida, ya kamata a gwada iyayensa da 'yan uwansa na jini.

A nan akwai abin lura. A yankinmu, idan yaro na gudawa yana ramewa, abin da ya fi yawan jawo shi tsutsar ciki ce, da gurɓataccen ruwa, da ƙarancin abinci mai gina jiki, da tarin fuka. Ba daidai ba ne a hana yaro burodi a gida a ce an gano ciwonsa. Ana tabbatar da siliyak ne ta gwajin jini, sau da yawa kuma da ɗebo ɗan ƙanƙanin bangon hanji a duba, aikin da sai manyan asibitoci irin na koyarwa. Wanda ya daina cin alkama kafin gwaji ya ɓata gwajin, domin hanjin zai fara warkewa, alamun su ɓace.

Iyali a Kan Hanya

A ƙaddara wani magidanci ne a Talata Mafara, da matarsa da 'ya'ya huɗu. An tabbatar wa 'yarsu mai shekara 9 da siliyak. Za su je Bakura gaida kakar yaran, su kwana biyu, sannan su wuce Maradun bikin aure.

A gida abin da sauƙi. Baturen da ke da wannan cuta sai ya nemi burodi na musamman mai tsada, amma tukunyar Bazamfare tun asali babu gulutin a cikinta. Gero, dawa, masara, shinkafa, acca, wake, gyaɗa, rogo, dankali, nama, kifi, ƙwai, nono, zogale, kuka, kuɓewa: duk yarinyar za ta ci. Guzurin da kakanni ke ɗaurawa a fatauci ya ishe ta: fura, ko hura kamar yadda ake faɗa a nan, da hocen dawa, da gumba, da ƙuli-ƙuli, da dafaffen ƙwai da ayaba. Uwar za ta haɗa mata nata a kwano mai murfi, daban da ledar burodin 'yan uwanta.

Matsalar tana ɓoye ne a inda ba a zato. Ɗanwake sunansa na wake, amma da yawan masu yin sa suna haɗawa da fulawa. Wasu masu waina kan zuba fulawa a ƙullu don ya yi auki. Akwai masu sa alkama a kunun zaƙi. Ƙosai a kan kansa lafiya lau ne, amma idan a man da aka soya fanke aka soya shi, ya ɗebo ɓarɓashi. Wasu dunƙulen ɗanɗanon miya suna da garin alkama, sai an karanta jikin takardar. Daddawar kalwa ta fi kwanciyar hankali. Lemon malti sau da yawa da sha'ir ake yin sa. Sai babbar matsala, injin niƙa: idan an niƙa alkama aka bi da dawa, garin farko ya gauraya. Shi ya sa uwar ke tafiya da garin da ta daka a turmi, da ƙaramar tukunya da muciya da rariyar da ba a taɓa sa musu fulawa ba.

Mai karatu na iya cewa wannan tsanani ya yi yawa. Ma'aunin da hukumar tsara ƙa'idojin abinci ta duniya ta amince da shi a 2008 shi ne kada gulutin ya wuce miligiram 20 a kowane kilo na abincin da za a ce ba shi da gulutin. An kuma gwada an ga miligiram 50 a kullum, na tsawon wata uku, na iya lahanta hanjin mai cutar. Wannan adadi yana cikin gutsuren burodin da bai kai nauyin giram 1 ba.

Amma abin da ya fi injin niƙa wuyar sha'ani shi ne kara. A Bakura kaka za ta fito da alkakin da ta adana wa jikarta. Idan uwar ta hana, sai tsohuwa ta ce, "Haba ɗiyata, loma guda mi za ta yi mata?" Surukar kirki ba ta musu da uwar miji. Don haka uban ne ya kamata ya riga su magana, tun kafin a tashi, ya ce, "Inna, likita ne ya hana, kamar yadda aka hana Baba gishiri. Nakiya da dakuwa dai a ba ta iya cinta." Tsofaffi sun san haramcin likita, sun kuma fi karɓar magana idan an nuna musu abin da za su bayar a madadin. A gidan biki a Maradun, inda cincin da fanke ke yawo a faranti, sai yarinyar ta ci ta ƙoshi kafin a fita, ita ma kuma a koya mata ta ce "na gode, ba na cin alkama" ba tare da jin kunya ba.

Shi Kuma Uban da Tumbinsa

Magidancin nan yana da tasa damuwar. Tsawonsa mita 1.70, nauyinsa kilo 90. Idan aka ninka tsawon da kansa za a sami 2.89, a raba 90 da wannan, sai a sami 31. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, daga 18.5 zuwa ƙasa da 25 shi ne daidai, daga 25 nauyi ya yi yawa, daga 30 kuwa ƙiba ce mai kusantar da mutum ga hawan jini da ciwon sukari. Ya ji a waya ana cewa barin gulutin na sa a rame, sai ya ƙudurta bin tsarin 'yarsa.

Lissafin bai goyi bayansa ba. Gulutin furotin ne, kuma giram 1 na furotin kalori 4 yake bayarwa, daidai da sitaci. Giram 1 na mai kuwa kalori 9. Malmalar tuwon shinkafa ba ta fi ta semo sauƙi ba. Hasali ma, abin da ake sa rai ga yarinyar shi ne ta yi ƙiba, domin hanjinta zai warke ya koma tsotsar abinci. Waɗanda suka ce sun rame da barin alkama, in an duba, sun bar cincin ne da biskit da fanke, wato sun bar mai da sukari. Da ya musanya burodi da waina shida tsamo-tsamo da mai, nauyinsa ƙaruwa zai yi.

Kilo 1 na kitsen jiki yana ɗauke da kimanin kalori 7,700. Wanda ya rage kalori 500 a kullum zai iya sauke kusan rabin kilo a mako a farkon lamari, daga baya saurin ya ragu. Ba abu ne mai wuyar samu ba: cokalin cin abinci ɗaya na mai kalori 120 ne, kwalbar lemo mai santilita 35 kuma tana da sukari kimanin giram 35, wato kalori 140. Ya bar lemo biyu, matarsa ta rage man miya, ya sha fura ba sukari, ya ci malmala ɗaya maimakon biyu ya cike da kwaɗon zogale, ya riga ya kai. Hukumar ta kuma ba da shawarar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako. Tafiya da ƙafa zuwa wurin aiki da masallaci na shiga lissafi. Wahalarsa a tafiya irin ta 'yarsa ce: baƙo ba ya mayar da akushi cike, ga shi a wurinmu tumbi alamar wadata ne, har wasu 'yan mata na shan ƙwayoyin da ake kira "sha ka fashe" don su yi jiki, alhali wasunsu na jawo hawan jini da ciwon sukari. Dabararsa ita ce ya ɗiba kaɗan daga kowane kwano, ya yaba wa mai girki, ya tura wa yara sauran.

Idan sun dawo Mafara, ma'auni ɗaya zai yi musu aiki su biyu, sau ɗaya a wata, da safe kafin karin kumallo, a rubuta a littafi. Layin uban ana so ya riƙa sauka da kilo 1 zuwa 2 a wata, na 'yar kuma ya riƙa hawa. Idan nata ya tsaya wata biyu a jere, sai a koma a binciki injin niƙa da dunƙulen miya, a kuma mayar da ita wurin likita. Idan kuma nasa ya riƙa zubewa fiye da abin da ya rage a kwano, musamman tare da yawan ƙishirwa da fitsari ko tari mai naci, shi ma asibiti zai nufa.