Ƙwayar Ciwon Baya Ga Mai Hawan Jini: Jan Hankali Ga Mutanen Fau

Duk wanda ya yini duƙe a gonakin aikin noman rani na Rahad, yana cirar gyaɗa ko tsinkar auduga, ya san yadda baya ke riƙewa da almuru. Abin da aka saba shi ne a biya ta kantin magani, wanda mutanen nan ke kira ajzakhana, a ce a ba da diclofenac ko ibuprofen. Babu takardar likita, ba kuma lalle a tambaye ka ko kana da wata cuta ba.

Ga lafiyayyen saurayi, shan kwana biyu bayan cin abinci ba abin tashin hankali ba ne. Ga dattijo mai hawan jini ko ciwon sukari kuwa, zancen ya sha bamban. Waɗannan ƙwayoyi suna sa jiki riƙe gishiri da ruwa, jini ya ƙara hawa, su dakushe kaifin maganin da likita ya rubuta. Suna kuma rage jinin da ke zuwa ƙoda, ƙodar da sukari ya riga ya fara ci. Haɗa wannan da zafin ranar Gadarif da gumi da ƙarancin shan ruwa. Mutum na iya kai kansa ga wankin ƙoda yana ganin baya kawai yake wa magani. Paracetamol ya fi sauƙin illa, muddin babba bai wuce ƙwaya 8 masu miligiram 500 a yini ba.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake raba kuɗin. Ciwon baya yana da zafi, hawan jini kuwa shiru yake, don haka idan aljihu ya yi sanyi, amlodipine, maganin hawan jinin, ake fara yadawa. "Ai na warke," in ji baba, don kansa ya daina sarawa. Bai warke ba. Maganin ne ya danne jinin, ana barinsa zai koma inda yake, wani lokaci shanyewar ɓarin jiki ce sanarwar farko. Karkade, zoɓon da muke ji da shi, yana ɗan saukar da jini, amma bai kai matsayin ƙwayar ba.

Ba na ɗora laifin duka a kan marasa lafiya. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 rabon magani daga Khartoum ya rikice, kuma da Wad Madani ta faɗi a Disamban wannan shekara, jama'a suka kwararo ta Fau, da yawa ko katin asibiti ba su ɗauko ba. Sai aka koma neman magani da launi, "farar ƙarama". To, fararen ƙananan ƙwayoyi sun fi a ƙirga. A ajiye kwalin, ko a ɗauki hotonsa a waya.

Akwai kuma wasu magungunan da ke buƙatar kula. Mata masu shan dexamethasone don ƙiba, sha-ka-fashe a bakin Kanawa, su sani yana tayar da sukari da jini, kuma wadda ta daɗe a kansa ba ta yanke shi rana ɗaya sai likita ya rage mata a hankali. Mai shan glibenclamide don ciwon sukari kada ya haɗiye shi ya tafi gona bai karya ba. In ya ji makyarkyata da gumin sanyi, ya tauna dabino nan take. Allurar insulin kuwa, in wuta ta ɗauke, a ƙulle kwalbar a leda a sa ta cikin jiƙaƙƙen yashi kusa da randa, a inuwa.