Amosanin Gaɓɓai: Kada A Yi Saurin Barin Magani

'Yan'uwa, akwai amosanin gaɓɓai wanda garkuwar jiki ce da kanta ke far wa yatsu da wuyan hannu. Ya fi kama mata.

Sau da yawa mukan ga majinyata sun watsar da methotrexate bayan mako biyu, wai ba ya aiki. Alhali kuwa sau ɗaya ake shansa a mako, kuma yakan ɗauki mako 6 zuwa 12 kafin a ji sauƙi. Ƙwayoyin rage zafi kaɗai ba sa hana yatsu karkacewa, gaɓar da ta lalace kuma ba ta komawa daidai.

In maganin yana tayar da zuciya, a gaya wa likita maimakon a daina shi a ɓoye. Mu 'yan gida kuwa, mu riƙa tuna musu ranar sha.