Ƙari a Ƙoƙon Kai: Kafin Wuƙa, Sai Hoto

Jama'a, a Mai Wurno da sauran ƙauyukanmu na Jazira da kewayen Sinnar, in kumburi ya fito wa mutum a kai, wanzami muke fara kira. Ga maruru wannan ba laifi. Amma in kumburin mai tauri ne kamar dutse, ba ya motsi, to a ƙashi yake, aska kuwa ba ta da hurumi a wurin.

Ƙoƙon kai faifai biyu ne na ƙashi da ɓargo a tsakani, kaurinsu duka bai cika kai santimita 1 ba. Ƙarƙashinsa akwai manyan hanyoyin jini da ƙwaƙwalwa. Wani ƙarin ba ya cutarwa. Wani kuwa reshen ciwon daji ne da ya taso daga nono ko maƙoshi. Abin da hannu ke taɓawa a waje sau da yawa kan gizo ne, gangar jikin na ciki.

Su kansu likitoci ba sa yanka da ka. Tun 1971 da aka fara ɗaukar hoton siti-sikan a Ingila, ana ganin ƙashi yanki-yanki. In ƙarin ƙarami ne, akan manna ɗan ƙarfe a fatar kai, a ɗauki hoto, a tabbata yana daidai kansa, sannan a yi alama da tawada. A manyan asibitoci kwamfuta ke haɗa hoton da kan majinyaci, likita ya ɗora tsinke, allo ya nuna masa inda yake. Wasu kan yi allurar sinadarin teknishiyam, wanda ke taruwa inda ƙashi ke ciwo, a bi shi da na'ura mai ƙara. Amfanin duka ɗaya ne: a cire ƙarin kaf, a bar lafiyayyen ƙashi.

A nan Sudan, asibitin Sha'ab na Hartum ya daɗe da suna wajen tiyatar kai, Jami'ar Jazira kuma ta kafa cibiyar ciwon daji a Madani. Yaƙin da ya ɓarke a 2023 ya tarwatsa asibitoci da takardunsu. Saboda haka duk hoton da aka yi mana mu adana shi kamar takardar gona, mu kuma ɗauke shi a waya. Shi ne jagoran likita ranar aiki.

In kumburi na girma, ko ya zo da ciwon kai, amai ko farfaɗiya, kada mu jira kaka. Allah Ya ba mu lafiya, amin.