Sunayen Harsasai da Abin da Ke Ƙunshe Cikinsu

Hausawa sun san bindiga tun kafin zuwan Turawa, kuma kalmomin da ke kewaye da ita sun nuna hanyar da ta biyo. Bindiga, da harsashi, da albarushi, duka daga Larabci aka aro su. Kalmar da ta haifi harsashi kuwa dalma take nufi a Larabci. A zamanin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yake zaune a ribaɗinsa na Wurno, inda ya rasu a 1837, bindigar da aka sani ita ce wadda ake ɗurawa ta baki, a zuba albarushi, a bi shi da dalma, a danna. Irin wannan ba ta bukatar harsashi mai suna, domin kowane maharbi shi ke auna abinsa.

Al'amari ya sauya da aka haɗa dalma da albarushi a cikin kwanso guda na tagulla. Da irin wannan ne sojan Ingila suka ci Sakkwato ranar 15 ga Maris 1903. Bahaushe ya raɗa wa makaman suna bisa ga abin da idonsa ya gani: bindiga mai ruwa, saboda ruwan da ake sanyaya ta da shi, da bindiga mai jigida, saboda jerin harsasanta. Su kuwa maƙeran Turai da Amurka da awo suke raɗa suna, domin tilas ne harsashi ya dace da mazauninsa a cikin bindiga, in ba haka ba ta fashe a hannun mai ita.

Hanyar farko ta raɗa suna ita ce ta Ingila da Amurka, wadda ke auna faɗin ramin bindiga da inci. Harsashin sojan Ingila na wancan zamani, wato .303, daga nan ya sami sunansa. Sau da yawa akan ƙara lamba ta biyu, kuma ma'anarta ba ɗaya ba ce. A .45-70 na 1873, lambar 70 nauyin albarushi ce, kimanin giram 4.5. A .30-06, lambar 06 shekarar 1906 ce, lokacin da sojan Amurka suka karɓe shi. A .250-3000 kuwa gudu ake nufi, wato ƙafa 3,000 a daƙiƙa guda. Wani lokaci sunan kamfani ke biyo baya, kamar .375 Holland & Holland na 1912, wanda mafarautan manyan namun daji suka yi yayi. Ba koyaushe lambar ke faɗin gaskiya ba: .38 Special faɗinsa inci .357 ne.

Hanya ta biyu, ta sauran ƙasashen Turai, ta fi sauƙin fahimta. Lamba ta farko faɗi ce, ta biyu tsawon kwanso, duka da milimita. Saboda haka 7.62×39 na Tarayyar Sobiyet, wanda aka fitar a 1943 kuma bindigar AK-47 ke ci, dabam yake da 7.62×51 na ƙawancen NATO, wanda bindigar G3 ke ci, ko da yake lambarsu ta farko ɗaya ce.

Dangane da sababbin harsasai, ba kasafai ake ƙirƙirar su daga tushe ba. Maƙeri ko maharbi kan ɗauki kwanson da ake da shi, ya matse wuyansa ko ya buɗa shi, sannan a yi masa bindigar da ta dace da shi. Amurkawa na yi wa irin wannan laƙabi da kyanwar daji, domin bai shiga garken masana'anta ba tukuna. Sunansa kan nuna iyayensa: .22-250 kwanson .250-3000 ne da aka matse, ya shekara kusan 30 a hannun maƙera kafin kamfanin Remington ya karɓe shi a 1965. Ba ya zama na kowa sai an gwada ƙarfinsa, kuma hukuma irin su SAAMI ta Amurka ko CIP ta Turai ta tsayar da awonsa. A Nijeriya dokar makamai ta 1959 ta hana ƙera ko riƙe harsashi ba da izini ba, kuma a 1964 gwamnati ta kafa masana'antar makamai ta DICON a Kaduna.

Wannan ilimi ba na mafarauta kaɗai ba ne. A watan Yuli 2018 'yan bindiga suka auka wa Tabanni a ƙasar Raba, waɗanda suka tsira suka yi gudun hijira zuwa Gandi. A watan Oktoba 2021 aka kashe mutum fiye da 40 a kasuwar Goronyo. Bayan kowane hari akan bar kwansuna a ƙasa, kuma a gindin mafi yawansu akwai tambarin masana'anta, na soja har da shekarar ƙira. Ma'aikacin da ya iya karanta wannan tambari, ya rubuta shi daidai a rahotonsa, ya buɗe hanyar gano inda harsashin ya fito da hannuwan da ya ratsa. Hausawa kan ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma kwanson da yara ke tsinta su yi wasa da shi yana iya nuna inda tsagar take.