Kagara: Matasan DJ tsakanin tallar kai da riƙe amana

A Kagara, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Rafi a Jihar Neja, matashin da ke son zama DJ yakan fara ne da ɗaukar sifika, haɗa wayoyi da gadin janareta a wurin biki, kafin maigidansa ya yarda ya taɓa na'ura.

Kasuwar ba ta da faɗi. Tun bayan sace ɗaliban Kwalejin Kimiyya ta Gwamnati da ke garin a watan Fabrairun 2021, fargaba ta rage wa tarukan dare armashi. Cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuma ya sa kuɗin man janareta na cinye ribar.

Shi ya sa tallar kai ta zama dole. Gajeren bidiyo a TikTok ko WhatsApp kan kai sunan matashi har Minna da Abuja, inda ma'aikatan da ke ɗaukar nauyin aurar da ƙannensu ke zaɓar wanda za a kira.

Sai dai bidiyo aikin farko kawai yake samarwa. Wanda ake sake kira shi ne mai zuwa kan lokaci, wanda ya san sa'ar da mata ke jiran waƙar Ado Gwanja, bai manta da baƙi Kamukawa da Nufawa ba, kuma yake kashe sauti da zarar ladan ya kira salla. Uwar amarya ba ta manta irin wannan, kuma bakinta ya fi kowace talla tasiri.