Rumbun Tsimi: Yadda Gida Ke Shirya wa Doguwar Masifa a Damagaram

Tanadin doguwar masifa shi ne shirin da gida ke yi domin ya rayu idan abinci, ruwa, kasuwa ko ikon hukuma suka yanke na tsawon watanni ko shekaru. A ƙasar Damagaram wannan shiri ya tsufa, domin yanayin ƙasar ne ya tilasta shi. Ruwan da ke sauka a Zinder, babban birninta, a shekara yana kai-komo ne a wajen milimita 400, kuma mafi yawansa yana zuba tsakanin Yuli da Satumba. Abin da gona ta bayar a waɗannan watanni shi za a ci har wata kaka. Damina ɗaya in ta gaza, gida ya shiga ƙunci. In biyu suka gaza a jere, sai a fara maganar yunwa.

Tarihin yankin cike yake da irin waɗannan shekaru. Yunwar 1913 zuwa 1914, wadda Hausawa suka sa wa suna Kakalaba, ta auka wa ƙasashen Hausa da na Barno, ta watsa garuruwa. Farin 1973 zuwa 1974 ya ƙarar da dabbobi a faɗin Sahel. Yunwar 1984 zuwa 1985 kuwa mutanen Nijar suna kiranta El Buhari, saboda ta zo daidai da lokacin da gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin Najeriya, hanyar da aka saba bi a nemo hatsi da aikin ƙwadago ta toshe. An sake shiga wahala a 2005, bayan fari da farin ɗango na 2004, sannan a 2010. Akwai kuma masifun da ba ruwansu da damina. A watan Janairu na 1994 an karya darajar sefa da rabi a rana ɗaya. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023, a Nijar, takunkumin ƙungiyar CEDEAO ya rufe iyaka, Najeriya ta yanke wutar lantarkin da take bai wa Nijar, aka yi wata bakwai kafin a ɗage shi a Fabrairun 2024. Da yawa daga cikin waɗannan masifu sun daɗe fiye da yadda aka zata a farkonsu, kuma agaji ya iso bayan gidaje sun riga sun ci abin da ke hannunsu.

Ginshiƙin tanadi a gargajiyance shi ne rumbu. Gero da aka ajiye a dami, ba a sussuke ba, yana iya shekara biyu zuwa uku cikin rumbu mai kyau, muddin an ɗaga shi bisa duwatsu don gudun gara da danshi, an kuma gyara jinkarsa kafin ruwa ya sauka. Gidajen manoma sun saba raba hatsi gida biyu. Akwai rumbun gandu, wanda maigida ke rufewa bayan kaka, ba ya buɗewa sai damina ta faɗi, lokacin da aikin gona ke buƙatar ƙarfi. Tsakanin nan mata na ciyar da kansu da yara daga abin da suka samu a gamanarsu, wato 'yan gonakinsu na kansu, da 'yan sana'o'insu, samari kuma su tafi cin rani, bakin da ke ci a gida ya ragu. Wanda ya samu rara sai ya keɓe rumbun tsimi, wanda ba a taɓawa sai shekarar da gona ta hana. Turawan Faransa sun ga amfanin dabarar, kuma bayan yunwar 1931 suka tsananta tilasta wa ƙauyuka ajiye rumbunan tsimi a ƙarƙashin ikon hukuma. Talakawa sun ƙi jinin tsarin, domin hatsin da mutum ba shi da ikon buɗewa ranar da yaransa ke kuka ya zama wani haraji.

Lissafin rumbu ba shi da wuya, amma ba kowane maigida ke son zama ya yi shi ba. Mutum ɗaya na cin hatsin da ya haura kilo 200 a shekara. Gida mai mutum goma na buƙatar sama da buhu ashirin masu kilo 100, ban da iri, ban da zakka, ban da abin da suna da biki za su ci. Mafi yawan gidajen karkara a yau ba sa noma abin da zai kai su shekara, saboda gonaki sun rarrabu ta hanyar gado kuma ƙasa ta gaji. Muhimmin aikin tanadi a irin wannan hali shi ne sanin watan da rumbu zai ƙare tun ranar da aka rufe shi, a cike giɓin da kaka lokacin da tiyar hatsi ke araha. Abin da ya fi cutar da manomi shi ne sayar da hatsi a Oktoba don biyan bashi, sannan ya sayo shi a Yuli da ninkin kuɗin. A daminar 2005 buhun gero ya doshi jika talatin na sefa a wasu kasuwanni, alhali hatsi bai ɓace daga kasuwa ba. Kuɗin sayensa ne ya gagari mutane. Bankunan hatsi na ƙauyuka, da tsarin jinginar da amfanin gona a ma'ajiyar ƙungiya a karɓi rance har farashi ya tashi, an kafa su ne don toshe wannan ɓaraka. Wake, wanda ƙwari ke cinyewa cikin 'yan watanni, yanzu yana daɗewa ba tare da magani ba a buhunan PICS masu leda biyu a ciki da ke hana iska shiga.

Bayan hatsi sai dabba. Akuya da tunkiya su ne asusun gida, musamman na mata. Sai dai dabba tana da wani hali a shekarar fari: kuɗinta na faɗuwa a daidai lokacin da kuɗin hatsi ke tashi, domin kowa na kai tasa kasuwa a rame. Ragon da zai sayi buhu biyu da kaka yana iya gaza sayen ɗaya da bazara. Mai tanadi yakan rage garke da wuri, tun dabbobi na da jiki, ya mayar da kuɗin hatsi, ya bar matan da za su haifa. Harawa da karan dawa da aka ɗora a kan rumfa su ne abin da zai riƙe waɗanda aka bari.

A nan ne ake ganin abin da ya fi komai muhimmanci a wannan fanni, wato jerin abin da ake rabuwa da shi. Gidajen da suka tsallake yunwa suka farfaɗo sukan bi tsari guda ko da ba su rubuta shi ba. Suna fara rage yawan abin da ake dafawa, a haɗa da ganye. Sai sana'ar hannu da ƙwadago, sai sayar da kaji da maza cikin awaki, sai kayan ɗaki da na ado. Irin shuka, kayan noma, amalanke, dabbobi masu haihuwa da gona su ne ake karewa har ƙarshe, domin wanda ya sayar da su ya tsira daga yunwar bana ya faɗa talaucin da ba ya ƙarewa. Wasu daga cikin waɗanda ke ƙwadago a gonakin wasu a yau zuriyar mutanen da suka jinginar da gona ne a shekarar wahala, suka kasa fansa. Iri na da nasa haɗarin: idan aka cinye shi, ruwa zai sauka a rasa abin shukawa, kuma irin da aka sayo daga nesa ba lallai ya dace da gajeriyar daminar wurin ba.

Bayan hatsi da dabba, daji shi ne rumbu na uku. Anza, wadda ke yin 'ya'ya ko a shekarar fari, tana da ɗaci da guba, sai an jiƙa ta kwanaki ana sauya ruwa kafin a dafa. Ganyen tafasa, jiga da yaɗiya, 'ya'yan aduwa, magarya da goriba, garin kuka, har da ƙwayar ƙarangiya, duk sun riƙe rayuka. Wannan ilimi yana hannun tsofaffin mata, kuma yana raguwa, domin an ɗauki cin anza abin kunya. Kuskure ne babba, tun da gidan da bai san yadda ake cire ɗacinta ba zai koya ne a ranar da ba shi da ƙarfin koyo. A Zinder kamfanin Sahara Sahel Foods na sarrafa anza da wasu 'ya'yan itatuwan daji zuwa abincin sayarwa, abin da ke mayar musu da daraja. Sarakunan Damagaram sun gane matsayin itace tun da daɗewa. An ruwaito cewa Sarki Tanimun, wanda ya kewaye Birni, tsohon garin Zinder, da ganuwa a tsakiyar ƙarni na 19, ya sa hukunci mai tsanani a kan duk wanda ya sare gawo. Gawo na zubar da ganye da damina ya taki gona, ya yi 'ya'ya da rani dabbobi su ci. Bayan farin shekarun 1980 manoman Magariya, Matamaye da Mirriya sun koma rainon gawon da ke tsirowa a gonakinsu, har yankin ya zama abin misali a duniya.

Ruwa kuwa shi ne raunin Zinder na asali. Garin na zaune a kan dutse, ruwan ƙarƙashin ƙasa ya yi ƙaranci, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa Faransa ta mayar da babban birnin Nijar daga Zinder zuwa Yamai a 1926. Famfon gari na dogaro ne da rijiyoyin da ke nesa, irin na Gogo da Macaya, Arunguza da Ganaram, kuma tura ruwan na buƙatar wuta ko man fetur. Yankewar wuta na kwanaki yana nufin yankewar ruwa. Ma'aunin da masu agaji ke aiki da shi shi ne lita 15 ga mutum ɗaya a rana, don sha da girki da tsafta. Gida mai mutum goma na buƙatar jarka shida masu lita 25 kowace rana, kuma babu gidan talaka da zai iya tara na wata guda. Saboda haka tanadin ruwa ya ƙunshi randa ko tanki na 'yan kwanaki, da sanin rijiya ta biyu da ta uku da za a iya kaiwa da ƙafa ko da jaki, da hanyar tsabtace ruwan tafki ta tafasawa ko ƙwayar sinadarin kulorin.

Tsabtar ruwa ta shafi mutuwa kai tsaye. A shekarun yunwa, mafi yawan waɗanda ke rasuwa yara ne, kuma gudawa, ƙyanda da zazzaɓin cizon sauro ne ke ƙarasa jikin da rashin abinci ya raunana. Rigakafin yara tun lokacin lafiya, gidan sauro, da sanin haɗa ruwan gishiri da sukari (lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri) suna cikin tanadi kamar yadda buhu ke ciki. Mai ciwon sukari ko hawan jini na buƙatar ajiyar maganinsa, domin takunkumin 2023 ya nuna yadda magani ke ƙaranci idan iyaka ta rufe.

Gidan birni ya fi na ƙauye rauni ta wani ɓangare, domin rumbunsa albashi ne ko cinikin yini. Abin da ya dace da shi shi ne sayen hatsin watanni da kaka, ajiye wani kuɗi a hannu saboda ranar da banki ko layin waya ya tsaya, da ƙin tara dukiya duka a kuɗi iri ɗaya. 'Yan kasuwar Damagaram da ke hulɗa da naira da sefa sun ga kowanne ya faɗi a lokacinsa. Adashe da ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, waɗanda suka faro a Maraɗi a 1991, suna ba da rancen da ba ya kai mutum ga sayar da gona. Gini ma na cikin lissafi: ruwan daminar 2024 ya rushe dubban gidaje a Nijar, har da tsohon masallacin ginin ƙasa na Birni da ya faɗi a farkon Satumba. Yaɓe, gyaran indararo da ajiye takardun gida, na gona da na haihuwa a leda aiki ne na bazara.

Babu gidan da ya taɓa tsallake doguwar masifa shi kaɗai. Zumunci tsakanin birni da ƙauye, ɗan da ke Kano ko Agadas, aron saniya irin na habbanayen Fulani, zakka da ciyayya tsakanin maƙwabta, su ke raba nauyi idan fari ya sami wani yanki ya bar wani. Irin wannan alaƙa ana gina ta ne a shekarun wadata, ta ziyara da gudummawa.

Mataki na ƙarshe shi ne barin gida, kuma shi ya fi buƙatar shawara tun da wuri. Tafiyar da aka shirya tana da wurin sauka sananne, da guzuri, da wanda zai tsaya ya kula da gona. Wadda aka yi bayan komai ya ƙare tana jefa mutane hannun masu safara. A Oktoban 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 a hamada arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, bayan motocinsu sun lalace. Mafi yawansu mata ne da yara, kuma da yawa daga yankin Kance na jihar Zinder suka fito. Gidan da ke tunanin ƙaura na buƙatar ya yanke tun kaka wa zai tafi, ina zai nufa, da wane kuɗi, kuma a wane wata zai dawo don shuka.